Wane Aiki Ne A Kan Gaba? Yadda Malaman Yahudu Suka Jera Ayyukan Addini

 

Akwai wani reshe na ilimin addini wanda ya yi ƙaranci a tsakaninmu, ko da ya ke makarantu sun yawaita, watau sanin jerin ayyuka: wanne ne a kan gaba, wanne ne a baya, kuma idan biyu suka haɗu a lokaci ɗaya, wanne za a ɗauka, wanne za a ajiye. Mutum ya san Umra lada ce, biyan bashi kuwa wajibi ne, amma ran da kuɗin rake suka shigo hannunsa a Gazara ko Maƙarfi, sai ya nemi kujerar jirgi, ya bar manomin da ya ba shi kaya bashi yana zarya a ƙofar gidansa. Ma'aikaci ya san falalar sallar walaha, amma ya manta da tsohon da ya taso daga ƙauye tun da asuba, yana zaune a benci yana jiran sa hannu guda ɗaya. Dukansu biyu masu son alheri ne. Sikelinsu ne ya karkace.

A wannan mako mun ga ya dace mu duba yadda wata al'umma daga Ma'abuta Littafi, watau Yahudu, ta yi da wannan mas'ala, domin malamansu sun daɗe suna fama da ita, sun kuma rubuta abubuwa da yawa a kanta, wasu ma da harshen Larabci. Kada wani ya ce me ya kai mu can. Annabi (SAW) ya yi izinin a ba da labari daga Banu Isra'ila, kuma manyan malamai irin su Ibnu Hazmi, wanda ya rasu a 1064, da Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, sun rubuta littattafai a kan addinan mutane. Ba hukunci mu ke nema a wurinsu ba, shari'armu ta wadatar da mu, maganar siyasar Falasɗinu kuwa tana da nata fili dabam. Abin lura mu ke nema, domin sau da yawa mutum ba ya sanin darajar abin da ke ɗakinsa sai ya leƙa na maƙwabci.

Mu a ƙasar Hausa ba mu zauna unguwa ɗaya da Yahudu ba kamar yadda Musulmin Fas da Misra da Tuwat suka zauna da su. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Al-Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya taso ne daga Tuwat bayan rikicin da aka yi wajen 1492 a kan majami'ar Yahudun garin Tamantit, rikicin da ya raba kan malaman Magrib, wasu suka goyi bayansa, wasu suka saɓa masa. Saboda rashin wannan maƙwabtaka, yawancinmu sunansu kaɗai mu ka sani, ba mu san yadda su ke auna ayyukan addininsu ba.

Umarni ɗari shida da goma sha uku

Malaman Yahudu sun ƙidaya umarnin da ke cikin Attaura suka ce 613 ne. Wani malaminsu na ƙarni na uku na Miladiyya mai suna Simlai ya kasa su biyu: hane-hane 365, adadin kwanakin shekarar rana, da umarnin aikatawa 248, adadin gaɓoɓin jikin ɗan Adam a lissafin likitocinsu na wancan zamani. Wanda ya fi shahara wajen jera su ɗaya bayan ɗaya shi ne Musa ɗan Maimun. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus a 1138, ya zauna a Fas, sa'an nan ya koma Misra ya zama likita a fadar gidan Salahuddini, ya mutu a can a 1204. Da Larabci ya rubuta jerin, amma da haruffan Ibrananci. Tun da Rumawa suka rushe Haikalinsu na Ƙudus a shekara ta 70, dukan abin da ya shafi yanka da hadaya ya tsaya, har abin da Bayahude zai iya aikatawa a yau bai kai rabin wancan adadi ba.

Mai ɗauke da kaya masu yawa haka dole ya san wanne zai fara saukewa idan hanya ta yi tsanani. Don haka suka bambanta abin da ya zo a nassin Attaura da abin da malamai suka ƙara don kiyaye shi. Idan aka yi shakka a kan na farko sai a tsananta, a kan na biyu kuwa sai a sassauta. Suka kuma bambanta abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa da abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa. Duk da haka sun yi gargaɗi kada a rena ƙaramin umarni, domin ba wanda ya san ladan da aka ɓoye a cikinsa. Watau an yi jerin ne don ranar da ayyuka biyu suka yi karo. Wanda ya mai da shi dalilin sakaci ya juya shi a baibai.

Rai yana gaban Asabar

Babu abin da ya fi bayyana a addinin Yahudu kamar kiyaye ranar Asabar. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Lahadi, an hana su ayyuka iri 39, har da hura wuta da rubutu da ɗinki da noma da ɗaukar kaya daga gida zuwa titi, masu tsanantawa a cikinsu kuwa ba sa tuƙa mota, ba sa kunna lantarki. To, amma da zarar rai ya shiga haɗari, duk wannan ya kau.

Da jini suka koyi wannan darasi. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sojojin Antiyokas, sarkin Girkawa na ƙasar Sham, suka auka wa wasu Yahudu da suka ɓuya a cikin koguna ranar Asabar. Mutanen suka ƙi ɗaga ko da dutse don kare kansu, aka kashe kimanin dubu, maza da mata da yara. Daga nan shugabanninsu suka yanke cewa za a kare rai ko da ranar Asabar ce. Malamai na baya suka kafa hujja da cewa an saukar da shari'a domin mutum ya rayu da ita, kuma gara a keta Asabar guda a ceci wanda zai kiyaye Asabar masu yawa.

Ba su tsaya ga halattawa kawai ba. Sun ce ko shakkar haɗari ta isa. Sun ce manyan gari da malamai su ne za su yi aikin da hannunsu, kada a tura yara, don kada jama'a su zaci abin kunya ne. Sun zargi mai tsayawa neman fatawa alhali maras lafiya yana kwance, suka ɗauke shi kamar mai zub da jini, suka kuma zargi malamin da aka je tambaya, domin da ya karantar tun da wuri da ba wanda zai tsaya tambaya. Mace mai naƙuda, da wadda ta haihu cikin kwana uku na farko, a hukuncin mai haɗari su ke ɗaukarta. A 1848, da annobar amai da gudawa ta auka wa birnin Vilna, wanda yanzu shi ne babban birnin ƙasar Lituwaniya, malaminsu Isra'ila Salanter ya shirya ɗalibai su yi jinyar marasa lafiya har ranar Asabar, an kuma ruwaito cewa ya umarci jama'a su ci abinci a ranar babban azuminsu na shekara.

Irin wannan jarrabawa ta same mu tare da su a 2020. A watan Maris na shekarar manyan malaman Yahudu a Isra'ila suka ba da umarnin rufe majami'u saboda annobar korona, wasu unguwanni suka yi jinkiri, cutar ta yi musu ɓarna. A wannan wata ne gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da taron ibada har da sallar Juma'a, a shekarar kuma babu alhaji ko ɗaya da ya tafi daga Nijeriya. Mun ji gardamar da aka yi a zaurukan Ikara da Kudan da Zariya, kamar ba a taɓa jin irin wannan hukunci ba, alhali kuwa Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, kuma littattafan da mu ke karantawa sun ambaci uzurorin da ke sauke Juma'a. Wanda matarsa ke naƙuda mai tsanani a Gazara, ya tsaya sai an idar da tafsiri kafin ya nemi motar kai ta asibiti, da mai ciwon sukari da likita ya hana shi azumi ya ƙi ji, su sani ba tsantseni suka yi ba.

Amma Yahudu sun sa wa wannan sassauci iyaka. A ƙarni na biyu na Miladiyya, lokacin da Rumawa suka matsa musu, malamansu suka taru a garin Ludd suka yanke cewa idan an tilasta mutum da barazanar kisa, ya keta kowane hani ya tsira, ban da uku: bautar gunki, da kisan kai, da zinar da ta shafi matar aure ko muharrama. Dalilinsu a kan kisa shi ne ba wanda ke da shaidar cewa ransa ya fi na wancan tsada. A nan akwai bambanci da shari'armu, domin an yi wa Ammaru ɗan Yasir rangwame a kan furta kalmar kafirci da baki alhali zuciya tana natse da imani. Amma a kan kisa mun haɗu: malamanmu sun yi ittifaƙi cewa tilas ba ya halatta wa mutum kashe wani don ya tsira.

Azumi ba ya wanke mudu

Ya ku 'yan kasuwa, ga wurin da ya fi shafarku. Rana mafi girma a shekarar Yahudu ita ce Yom Kippur, watau Ranar Kaffara, goma ga watansu na bakwai, inda su ke kame baki daga ci da sha kimanin awa 25. Duk da girmanta, littafinsu na Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya yanke cewa tana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangiji ne kaɗai. Wanda aka zalunta kuwa, sai an mayar masa da haƙƙinsa, an kuma je an roƙe shi gafara, in ya ƙi a koma da shaidu har sau uku.

A kan awo sun yi tsanani ƙwarai. Littafinsu na Talmud ya ce alhakin tauye mudu ya fi na alfasha wuyar fita, domin mai alfasha ya san abin da zai tuba daga gare shi, amma wanda ya shekara ashirin yana auna wa mutane da tiya mai dukan gindi, ina zai samo dubban da ya cuta ya biya su? Mafitar da suka ba irin wannan mutum ita ce ya zuba dukiyar a abin amfanin jama'a kamar rijiya, ko Allah Ya sa waɗanda ya cuta su sha daga gare ta. Har ƙa'ida suka kafa cewa mai kanti ya wanke mudunsa sau biyu a mako, ya goge duwatsun awo sau ɗaya a mako, ya share sikeli bayan kowane awo, don kada abin da ya maƙale ya rage wa mai saye. Sun ce ibadar da aka yi da kayan sata ba ta karɓuwa. Sun ce ɗan ƙwadagon yini a biya shi kafin gari ya waye. Wani malaminsu ma ya sa tambaya a kan gaskiyar ciniki a farkon tambayoyin da za a yi wa mutum ranar hisabi.

Mu a wurinmu salla ce farkon abin da za a yi wa bawa hisabi a kansa, jini kuma shi ne farkon abin da za a hukunta tsakanin mutane. Amma wane ne a cikinmu bai ji hadisin matsiyacin da zai zo da salla da azumi, a rarraba ladansa ga waɗanda ya zalunta ba? Wane ne bai ji cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi ba? To, wanda ke jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, da dillalin da ke faɗa wa manomi wani farashi ya faɗa wa mai saye wani, da mai gonar da masu saran rake za su bi shi mako biyu suna neman ladan guminsu, su auna kansu da wannan sikeli kafin su ƙidaya yawan zuwansu Makka.

Ma'aikata ma ba a bar su a baya ba. Malaman Yahudu sun ba leburan da ke kan itace ko kan gini izinin karanta kalmar tauhidinsu a inda ya ke, sun kuma taƙaita masa addu'ar bayan cin abinci, don kada a ci lokacin mai aiki. Musa ɗan Maimun ya ce kamar yadda aka hana mai gida tauye lada, haka aka hana ma'aikaci satar lokaci kaɗan-kaɗan, ko ya kwana yana aikin kansa ya wayi gari a gajiye a wurin aikin wani. Fiƙihunmu ma ya ba ma'aikaci lokacin farillarsa, amma nafilar da za ta tauye aiki sai da izinin mai aikin. Mai aikin ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne talakan nan da ke zaune a benci.

Sadaka da fansar kamamme

Sadaka ma sun yi mata matakai. Musa ɗan Maimun ya jera takwas. Na ƙasa shi ne a bayar da ɓacin rai. Kusa da ƙoli akwai sadakar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Na ƙoli kuwa shi ne a tallafi mutum tun bai faɗi ba, a ba shi rance ko jari, ko a yi tarayya da shi a ciniki, ko a samar masa aiki, har ya wadatu daga roƙo. Sun ce a fara da dangi, sa'an nan matalautan gari, sa'an nan na wani gari. Attajirin da ke raba 'yan canji a ƙofar gida kowace Juma'a, alhali yaron shagonsa ya shekara goma bai sallame shi da jari ba, ya dubi wannan jeri.

A bisa dukan ayyukan dukiya suka ɗora fansar wanda aka kama, domin kamamme ya haɗa yunwa da ƙishirwa da tsiraici da haɗarin rai. Sun yarda a karkatar da kuɗin da aka tara don gina majami'a zuwa gare ta, har a sayar da itace da duwatsun da aka riga aka saya. Amma Mishna ta gindaya sharaɗi cewa kada jama'a su biya abin da ya wuce ƙima, don kada a buɗe wa masu kame kasuwa. A 1286 Sarki Rudolf na Jamus ya tsare babban malaminsu Meir na Rotenbug, an kuma ruwaito cewa ya hana jama'arsa biyan maƙudan kuɗin da aka nema don kada a mai da kama malamai sana'a. Ya mutu a tsare a 1293, gawarsa ma sai bayan shekara 14 aka fanshe ta. Duk da haka wasu malamansu sun sassauta idan ana tsoron kisa, ko idan mutum da dukiyarsa zai fanshi kansa.

Mutumin Jihar Kaduna ba ya bukatar a fassara masa nauyin wannan magana, bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, da kwashe 'yan makarantar Kuriga a Maris 2024, da abin da ƙauyuka suka sha wanda ba ya shiga jarida. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wajibi ne a kan Musulmi su fanshi kamammunsu ko da zai cinye dukiyarsu, kuma baitulmali ne farkon wanda nauyin ke kansa. Haƙƙi biyu ne suka yi karo a nan, na wanda ke daji a yau, da na wanda za a kama gobe idan sana'ar ta yi riba, kuma wannan aiki ne na malamai da hukuma su zauna a kansa. Abin da ba ya bukatar zama shi ne unguwar da ke tara kuɗin ƙara wa masallaci hasumiya, alhali maƙwabci ya sayar da gonarsa da shanunsa ya karɓo ɗansa, ba wanda ya leƙa shi da ko mudun dawa.

Abin da ya rage a kanmu

A garin Ludd ɗin nan an taɓa yin gardama tsakanin malamansu biyu, Tarfon da Akiba, a kan ilimi da aiki wanne ya fi. Taron ya tsaya a kan cewa ilimi ya fi, saboda shi ke kai mutum ga aiki. Bayan ƙarnoni, wajen 1080, wani alƙalinsu a Andalus mai suna Bahya ɗan Baƙuda ya rubuta littafi da Larabci a kan farillan zukata, yana kukan cewa mutanensa sun ƙware a ayyukan gaɓɓai da mas'alolin da ba sa aukuwa, sun bar ikhlasi da tawakkali da tawali'u. Mai karatun littattafan Imamu Gazali zai ji kamar ya san wannan kuka.

Jerinmu a bayyane ya ke, kuma shi ne hujja a kanmu. Tauhidi ne tushe, sa'an nan shika-shikan Musulunci. Farilla tana gaban nafila, domin ya tabbata a hadisi cewa bawa ba ya kusantar Allah da abin da ya fi soyuwa gare Shi kamar abin da Ya wajabta masa. Farali aini yana gaban farali kifaya. Barin haram yana gaban neman falala. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari sai an mayar. Duk wannan yana cikin Ahalari da Iziyya da Risala da mu ke biya wa yara a zaure. Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin Umra ta uku, ya buɗe littafin bashinsa, ya kuma kai mudunsa a gwada. Kafin ma'aikaci ya shimfiɗa darduma don nafila, ya dubi bencin da ke ƙofar ofishinsa. Kafin kwamitin masallaci ya sayi sabon fenti, ya tambayi mai unguwa wa ya kwana da yunwa, wa ke kwance ba kuɗin magani.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.